Ɓoyayyen Reshe: Tarihin Yaƙi da Ha'inci a Kundin Kuɗin Intanet

Bismillahir Rahmanir Rahim

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin fake da bayyane. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammad (SAW), wanda mutanensa suka yi masa shaidar amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

A wannan karon ina so mu leƙa tarihin wata fasaha da ta shigo mana har cikin gida, wato kuɗin intanet da ake kira kirifto. Matasanmu da dama sun zuba ɗan abin hannunsu a ciki, kuma maganar da aka fi nanata musu ita ce, duk abin da aka rubuta a kundin wannan kuɗi ba ya goguwa har abada. Maganar tana da gaskiya a cikinta, sai dai tana da sharuɗɗa. Akwai ranakun da sharuɗɗan suka faɗi, aka goge abin da aka rubuta, dukiyar mutane ta salwanta. Tarihin waɗannan ranaku nake son kawowa, tare da abin da na ga ya kamata Musulmi ya tsinta a ciki.

Asalin matsalar

Idan ka miƙa wa mai shago takardar kuɗi, ta bar hannunka ke nan. Kuɗin da ke cikin kwamfuta kuwa lambobi ne, lamba kuma ana iya kwafar ta sau dubu. To me zai hana mutum ya biya mutane biyu da kuɗi guda? Maganin da duniya ta sani shi ne banki: littafi ɗaya a hannun mai tsaro ɗaya, wanda kowa ya yarda da shi. Ko kamfanin DigiCash na David Chaum, wanda ya yi ƙoƙarin samar da kuɗin kwamfuta kafin ya karye a 1998, bai kuɓuta daga dogaro da banki ba.

Masana sun daɗe suna tambaya, shin za a iya riƙe littafi guda ba tare da mai tsaro guda ba? A 1982 Leslie Lamport da abokan aikinsa biyu, Robert Shostak da Marshall Pease, suka buga misali da kwamandojin yaƙi da suka kewaye wani gari, suna aika wa juna saƙo, alhali a cikinsu akwai maciya amana. Suka tabbatar da cewa in saƙon na baka ne, ba a samun ittifaƙi sai amintattu sun haura kashi biyu bisa uku. A 1991 Stuart Haber da Scott Stornetta suka fito da dabarar ɗaure takardu a jere, kowace takarda na ɗauke da hatimin wadda ta gabace ta, ta yadda in an taɓa ta baya dukkan na gaba za su tona asiri. A 1997 kuma Adam Back ya ƙirƙiro Hashcash, wata hanya da kwamfuta za ta nuna shaidar cewa ta sha wahalar wani lissafi kafin a karɓi saƙonta.

Dabarar Satoshi da ƙofar da ta bari

Ranar 31 ga Oktoba 2008 wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da gajeriyar takarda da ta haɗa waɗannan dabaru, ranar 3 ga Janairu 2009 kuma aka buɗe kundin Bitcoin. Ga yadda tsarin yake a taƙaice. Kundin shafuka ne a jere, kowane shafi ɗaure da na bayansa kamar silsila, kuma dubban kwamfutoci a duniya na riƙe da kwafinsa. Wasu da ake kira mahaƙa suna tseren warware wani lissafi da ba ya warwaruwa sai ta gwaji bayan gwaji. Wanda ya riga samu shi zai rubuta shafi na gaba, ya karɓi lada. Kusan kowane minti 10 ake samun sabon shafi.

Wani lokaci mahaƙa biyu kan samu a tare, sai silsilar ta yi reshe biyu. Ƙa'idar Satoshi a nan ita ce a bi reshen da aka fi zuba aiki a kansa, wanda galibi shi ne mafi tsawo. Ɗayan kuwa a watsar da shi, abin da ke cikinsa ya zama kamar ba a taɓa rubutawa ba.

Mai karatu, a nan ƙofar take. Mayaudari zai tura kuɗinsa zuwa wata kasuwar canji a bainar jama'a. A lokaci guda sai ya koma ɗaki ya fara gina nasa reshen a ɓoye, daga shafin da ya gabaci wannan biya, a cikinsa kuma ya rubuta cewa kuɗin aljihunsa suka koma. Zai jira har kasuwar ta gamsu, ya sayar, ya kwashe wani kuɗin daban ya fice. Daga nan sai ya saki ɓoyayyen reshensa. In ya fi na fili tsawo, kwamfutoci za su koma kansa ba tare da sun tambaye shi inda ya shiga tun ɗazu ba. Kasuwa ta wayi gari ba kaya ba kuɗi. Mai wannan hari ba ya iya buɗe aljihun wani, ba ya kuma iya ƙirƙiro kuɗi daga babu. Abin da yake iyawa shi ne ya janye abin da ya riga ya biya, wannan kuma ya isa ɓarna.

Satoshi ya san da wannan ƙofa, har ya yi mata lissafi a takardarsa. Mai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin haƙa, in aka jira shafi 5 suka hau kan biyan, damarsa ta cim ma reshen fili ba ta kai ɗaya cikin dubu ba. Mai kashi 30 sai an jira shafi 24, mai kashi 45 kuwa shafi 340. Wanda ya haura rabi babu jiran da zai tsare shi. Daga irin wannan lissafi aka samo al'adar jiran shafi 6, wato kimanin awa guda. Ashe dukkan ginin ya tsaya ne a kan zato ɗaya: cewa mafi yawan ƙarfin yana hannun masu gaskiya.

Shekarun gargaɗi

A watan Maris 2013 wani saɓani tsakanin tsohuwar manhajar Bitcoin da sabuwa ya raba silsilar biyu na tsawon sa'o'i. Ba hari ba ne, kuskure ne. Manyan mahaƙa da masu rubuta manhajar suka yi shawara, suka koma tsohuwa, aka zubar da shafuka 24. Abin lura shi ne mutane ne suka zauna suka yanke wane reshe za a bi.

A watan Nuwamba na shekarar, Ittay Eyal da Emin Gün Sirer na Jami'ar Cornell a Amurka suka nuna cewa ba sai mutum ya kai rabi ba. Mahaƙin da ya samu shafi ya ɓoye, yana sakin sa kawai lokacin da zai lalata wahalar sauran, zai iya cin lada fiye da rabonsa in ƙarfinsa ya haura kashi ɗaya bisa uku, har ƙasa da haka in saƙonsa na riga na wasu isa. Suka kira wannan haƙar son kai. Haɗarinta shi ne ribarta za ta riƙa jawo masa wasu mahaƙa har ya kai rinjaye.

A watan Yuni 2014 wata ƙungiyar mahaƙa mai suna GHash.io ta taɓa rabin ƙarfin Bitcoin gaba ɗaya. Hankali ya tashi, wasu mahaƙa suka janye daga cikinta, ita kuma ta yi alkawarin ba za ta sake wuce kashi 39.99 ba. Tsarin da aka gina don kada a dogara da alkawarin kowa, sai ga shi ya numfasa da alkawari.

Lokacin da ƙarfi ya zama na haya

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar ta zo ne da abu biyu. Na farko, an ƙirƙiro ƙananan kuɗaɗe barkatai masu amfani da irin lissafin manya, ta yadda ɗan yanki na na'urorin babba ya isa ya rinjayi ƙarami. Na biyu, an buɗe kasuwanni irin su NiceHash inda mutum zai yi hayar ƙarfin haƙa na 'yan sa'o'i. Wanda ya sayi na'urori da dukiyarsa yana tsoron ya rusa kuɗin da yake ci daga gare shi. Ɗan haya ba shi da wannan tsoro, in ya gama ya kama gabansa.

A watan Mayu 2018 aka kai wa Monacoin ta Japan harin ɓoye shafuka. A watan nan dai aka faɗa wa Bitcoin Gold, aka janye abin da ya kai kimanin dala miliyan 18 daga kasuwannin canji. A watan Yuni aka kai wa ZenCash, ƙarshen shekara kuma Vertcoin. A watan Janairu 2019 kasuwar Coinbase ta gano an sake rubuta silsilar Ethereum Classic sau da dama, an kashe kuɗi 219,500 sau biyu, kimanin dala miliyan 1.1. Wani abin mamaki, kasuwar Gate.io ta sanar cewa maharin ya mayar mata da kwatankwacin dala 100,000 daga abin da ya ɗauka.

Mafi muni ya zo a 2020, inda aka kai wa Ethereum Classic hari uku cikin wata guda. Na farko, a farkon Agusta, ya goge shafuka 3,693, aka janye abin da ya kai dala miliyan 5.6, masu bincike kuma suka ƙiyasta cewa kuɗin hayar bai kai dala 200,000 ba. Na biyu ya goge fiye da 4,000, na uku a ƙarshen watan fiye da 7,000. Shi Bitcoin ba a taɓa samun nasarar irin wannan hari a kansa ba, saboda tsananin tsadar ƙarfin da ke tsaron sa. Maganar kuma ba ta zama tarihi ba tukuna, domin a 2025 wani shiri mai suna Qubic ya jawo mahaƙan Monero da lada mafi tsoka, a watan Satumba na shekarar kuma aka ga an juya shafuka 18 na silsilarta a lokaci guda.

Hanyoyin kariya

Hanya ta farko ita ce tsawaita jira. Bayan hare-haren 2020 Coinbase ta mai da jiran Ethereum Classic kusan mako biyu. Wannan yana tsawwala wa mahari kuɗin haya, amma kuɗin da sai an yi mako biyu kafin a gaskata shi ya rage amfani a kasuwa.

Ta biyu ita ce hukunta mai ɓoyewa. A 2017 Ren Zhang da Bart Preneel na Jami'ar Leuven a Beljiyam suka ba da shawarar cewa shafin da ba a bayyana shi a kan lokaci ba kada a ƙirga masa nauyi. ZenCash, wadda ta sauya suna zuwa Horizen, ta sanya tara a kan duk reshen da ya makara, gwargwadon makararsa. Ethereum Classic ta ɗauki makamancin haka a watan Oktoba 2020, ta kuma kashe shi a farkon 2024 bayan ƙarfin haƙarta ya ƙaru. Raunin wannan hanya shi ne kwamfutar da ba ta nan lokacin da abin ya faru ba ta san wane reshe ne ya makara ba, don haka za a iya samun saɓani tsakanin wanda ya gani da wanda bai gani ba.

Ta uku ita ce kafa turke, wato a ce daga wannan shafi zuwa baya babu sauran juyawa. Satoshi da kansa ya sanya irin wannan a manhajar Bitcoin a 2010. A watan Nuwamba 2018 masu babbar manhajar Bitcoin Cash suka hana juya fiye da shafi 10. A 2019 Dash ta kawo tsarin da ake zaɓo kwamfutoci 400 daga cikin waɗanda masu su suka ajiye jingina, in kashi 60 cikin 100 suka sa hannu cewa wannan shafi suka fara gani, ya zauna ke nan.

Ta huɗu ita ce fakewa a inuwar babba, kamar yadda Dogecoin ta yi a 2014, ta bar mahaƙan Litecoin suna tsaron ta da aikin da suke yi wa nasu kuɗin.

Ta biyar ita ce sauya tushen gaba ɗaya. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta bar haƙa ta koma tsarin jingina. Mai son ya zama shaida sai ya ajiye aƙalla ether 32. In masu kashi biyu bisa uku na jinginar suka sa hannu, cikin kimanin minti 13 shafi ya kammala. Wanda aka kama ya sa hannu a kan rassa biyu masu karo da juna, za a ƙona wani ɓangare na jinginarsa a kore shi. Sai dai nan ma akwai ƙofa: tsofaffin shaidu da suka riga suka janye jinginarsu za su iya haɗa kai su rubuta dogon tarihin ƙarya daga can baya, ba tare da asarar komai ba. Maganin da Vitalik Buterin ya bayyana tun 2014 shi ne, duk sabon shiga, ko wanda ya daɗe ba ya nan, sai ya karɓi turke na kwanan nan daga wani da ya amince da shi.

Abin da malaman hadisi suka riga suka gani

Da na dubi waɗannan hanyoyi sai na ga yawancinsu amsa suke ba wata tsohuwar tambaya: wa ya gani, yaushe ya gani, kuma me ya sa ba mu ji wannan labari ba sai yanzu? Ban ce masu fasaha daga malamanmu suka koya ba. Matsalar ce iri ɗaya, wato yadda al'umma warwatsattsiya za ta tsare labarinta daga mai cusa ƙarya.

Muhammad bin Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, ya ba da labarin cewa da farko ba a tsananta tambayar isnadi, sai da fitina ta auku aka fara neman mai riwaya ya ambaci mutanen da ya ji daga gare su. Malaman usulu kuma da suka zo bayanin labari mutawatiri ba su tsaya a kan yawa kaɗai ba. Sun sharɗanta ya zama yawan da a al'ada ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Na'ura dubu da mutum ɗaya ya yi haya, murya ɗaya ce, ko da lissafi ya ƙirga ta dubu. Abin da ya ci Bitcoin Gold da Ethereum Classic ke nan.

Imamu Muslim, wanda ya rasu a 261, ya yi bayani a gabatarwar Sahihinsa cewa malami kamar Zuhri, mai ɗalibai da yawa masu kiyayewa, in wani ya zo da tarin hadisai daga gare shi waɗanda babu ɗaya daga cikin sanannun ɗalibansa da ya san su, kuma shi bai yi tarayya da su a cikin ingantaccen abin da ke hannunsu ba, to ba a karɓa. Wannan shi ne hukuncin ɓoyayyen reshe. A ƙarni na biyar kuma aka fito da wata takarda a Bagadaza, ana da'awar cewa Annabi (SAW) ya ɗauke wa mutanen Khaibara jiziya. Da aka nuna wa Khaɗibul Bagdadi sai ya duba sunayen shaidu, ya ga Mu'awiya wanda bai bayyana Musuluncinsa ba sai shekarar buɗe Makka, da Sa'adu bin Mu'azu wanda ya rasu kafin Khaibara. Da ma'aunin lokaci ya rusa ta.

Akwai bambanci babba da bai kamata ya ɓace mana ba. Malamin hadisi yana binciken adalcin mai riwaya da kiyayewarsa. Silsilar kirifto ba ta san adali ba, ba ta san fasiƙi ba, aiki ko jingina kawai take aunawa. Shi ya sa duk lokacin da ma'aunin ya kasa, sai a koma ga mutane. A watan Mayu 2019 aka sace bitcoin 7,000 daga kasuwar Binance. Shugabanta na lokacin, Changpeng Zhao, ya bayyana cewa an tattauna yiwuwar jawo mahaƙa su juya silsilar don a dawo da kuɗin, sannan ya watsar da shawarar saboda za ta zubar da mutuncin kundin. A cikin watan nan kuma ƙungiyoyin BTC.com da BTC.top suka haɗa ƙarfi suka juya shafukan Bitcoin Cash don hana wani kwashe kuɗin da ba nasa ba. Niyyar ta yi kyau, amma ta nuna wa kowa cewa hannun da ya iya gogewa don gyara zai iya gogewa don ɓarna.

Kammalawa

Wasu na cewa maharin bai karya ƙa'idar manhaja ba, don haka ba shi da laifi. A wurin Musulmi wannan ba hujja ba ce. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Mai ɓoyayyen reshe ya nuna wa abokin cinikinsa biya a fili, ya ɓoye janyewa a ƙasa. Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, wanda Suratun Nisa'i ta hana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, wadda ke bi mata kuma ta yi gargaɗi a kan ɓoye shaida. Wanda ya ba da hayar na'urarsa yana sane da abin da za a yi da ita, ya shiga taimakekeniya a kan zunubi.

Game da hukuncin kirifto kansa malamai sun saɓa. A farkon 2018 aka bayyana fatawar Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, da ta haramta cinikin Bitcoin, a 2020 kuma majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jari ta Malesiya ta halatta cinikin irin waɗannan kadarori a kasuwannin da aka yi wa rajista. Kowa ya koma ga malaminsa. Shawarata ga wanda ya riga ya shiga ita ce ya tambayi hannu nawa ne ke riƙe da ƙarfin kuɗin da yake saye, ya sani cewa ƙananan kuɗaɗe su ne suka fi sauƙin juyawa, kuma kada ya saki kayansa don kawai ya ga biya ya bayyana a wayarsa, sai ya jira tabbacin da ya dace da girman cinikin. Rigakafi ya fi magani.

Kundin ɗan Adam komai ƙarfinsa ana iya juya shi. Akwai kundin da mala'iku masu daraja suke rubutawa, wanda babu mai haya da zai rinjaye shi, kuma a gabansa mai ha'inci zai tsaya ko da ya tsira a duniya. Allah Ya tsare mu daga cin haram, Ya sanya albarka a cikin nemanmu, Ya ba mu littattafanmu a hannun dama. Allah Shi ne Mafi sani.